Armashin Finafinan Leƙen Asiri Masu Kama da Gaskiya: Nazari a kan Fim ɗin Martin Ritt na 1965

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba abin da ke riƙe mai kallo a wani nau'in fim na leƙen asiri wanda ba a cika harbe-harbe a cikinsa ba, ba a tseren motoci, tauraronsa kuma sau da yawa dattijo ne mai gajiya a fuska. Za a dogara ne a kan The Spy Who Came in from the Cold, wanda Martin Ritt ya shirya a 1965 daga littafin John le Carré na 1963, sannan a taɓo wasu kaɗan don kwatance.

Sai an san zamanin kafin a gane fim ɗin. A 1961 aka gina katangar Berlin, wadda ta raba birnin biyu har zuwa 1989. A 1962 aka fito da Dr. No, fim na farko na James Bond, inda ɗan leƙen asiri yake ɗan gaye, mai sa'a, wanda bai taɓa shakkar gaskiyar ɓangarensa ba. A watan Janairu na 1963 kuwa Kim Philby, wanda ya taɓa zama babban jami'i a hukumar leƙen asirin Ingila, ya tsere daga Beirut zuwa Mosko, ta tabbata ya daɗe yana yi wa Tarayyar Sobiyet aiki. Wato jama'ar Ingila sun ga ƙarya a allon sinima, sun kuma ga abin kunya a jarida. A wannan tsakani ne le Carré, wanda sunansa na gaskiya David Cornwell, kuma ya yi aiki a hukumomin MI5 da MI6, ya shigo da nasa labarin.

Jigon fim ɗin shi ne cin amana, amma yadda aka warware shi ne abin dubawa. An umurci Alec Leamas, wanda Richard Burton ya fito a matsayinsa, ya nuna kamar an wulaƙanta shi a wurin aiki. Ya faɗa shan giya, ya doki wani mai kanti, aka ɗaure shi, duk don mutanen Jamus ta Gabas su neme shi. Da suka ɗauke shi sai ya riƙa ba su bayanai guntu-guntu masu nuna cewa Mundt, wani babban jami'insu, ɗan koren Ingila ne. Fiedler, mataimakin Mundt, ya haɗa bayanan ya kai ƙara. A gaban kotu sai aka kawo Nan, budurwar Leamas, shaidarta ta rusa maganarsa, aka wanke Mundt, Fiedler ya shiga uku. Daga baya ne Leamas ya farga cewa Mundt ɗin lalle na Ingila ne, kuma shi kansa an aiko shi ne don ya faɗi, faɗuwarsa ta kare Mundt daga Fiedler wanda ya fara gano shi.

A nan ne armashin yake, a ganin mai wannan nazari. A tatsuniya, in Gizo zai yaudari kura, mai sauraro ya san dabarar tun farko, dariyarsa ta wanda ke cikin sirri ce. A wannan fim kuwa an ba mai kallo rabin sirri, ya zaci duka ke nan. Yana jin shi da Leamas ne ke yaudarar Fiedler, alhali su biyun duk an yaudare su. Saboda haka kallon ya zama aiki: dole mutum ya riƙe kowace magana, ya auna ta, ya koma baya ya sake fassara abin da ya wuce. Mai kallon da aka saba yi wa tauna a ba shi ya haɗiye zai gaji. Wanda kuwa ke son a girmama hankalinsa zai sami abin da yake nema.

Bugu da ƙari, fim ɗin ya hana mai kallo hutun sanin na kirki da mugu. Mundt tsohon ɗan Nazi ne mai ƙin Yahudawa, shi aka ceta. Fiedler Bayahude ne mai gaskiya a aikinsa, shi aka hallaka. Ritt ya ɗauki fim ɗin baƙi-da-fari, a lokacin da finafinan Bond ke walƙiya da launi, kuma ya cika shi da ofisoshi masu duhu da ruwan sama da ɗakunan haya. Ƙarshensa a kan katanga ne: an harbe Nan, Leamas yana bisa, zai iya dira yamma ya tsira, sai ya sauko gabas wurin gawarta, aka harbe shi.

To, amma kalmar "kama da gaskiya" tana bukatar taka-tsantsan. Le Carré da kansa ya bayyana a 2013 cewa hukumarsa ta yarda a buga littafin ne don ta ga ƙagagge ne tsantsa, kuma darajarsa ita ce ana iya yarda da shi, ko da bai faru ba. Ke nan wannan kamanni salo ne, an gina shi da zaɓen kaya kamar yadda aka gina ƙyalƙyalin Bond. Tsohuwar kwat da kofin shayi da tarin fayil su ne kayan adonsa. Ɗalibin adabi da ya ɗauki irin wannan fim a matsayin shaidar yadda hukumomin asiri ke aiki ya faɗa tarkon da fim ɗin ke gargaɗi a kansa.

Akwai kuma rauni. Nan, wadda Claire Bloom ta fito a matsayinta, ba ta da nauyin kanta. An halicce ta ne don ta yarda da kowa, a yi amfani da ita, ta mutu. Wannan cuta ta bi nau'in gaba ɗaya na tsawon lokaci, domin duniyarsa ta maza ce masu magana a rufaffen ɗaki.

Haɗarin salon ya fi fitowa a Tinker Tailor Soldier Spy na Tomas Alfredson, 2011. Akwai wurin da Peter Guillam ya shiga ma'ajiyar takardu don sato wani littafin rajista, ba bindiga ba gudu, amma gaban mai kallo na faɗuwa fiye da a fagen yaƙi. Wannan gwaninta ce. Sai dai labarin da gidan talabijin na BBC ya shimfiɗa a kashi bakwai a 1979, tare da Alec Guinness, an matse shi a cikin kimanin awa biyu. Mutanen da ake zargi ba su sami filin da za a san su ba, don haka da aka tona cewa Bill Haydon ne maci amanar, abin bai yi zafin da ya kamata ba. Fim ɗin Ritt bai yi wannan kuskure ba: ya ba Oskar Werner, a matsayin Fiedler, dogayen hirarraki da Leamas, har mai kallo ya fara ƙaunarsa kafin a kai shi gaban kotu.