Aikin Sauti a Fim ɗin Hausa: Daga Situdiyon Kano Zuwa Unguwar Sabo ta Ibadan

Aikin sauti a fim yana da matakai biyu, wato ɗaukar muryoyin 'yan wasa a wurin da ake shirin, da kuma gyaransu daga baya a kwamfuta, inda ake share hayaniya, a daidaita ƙarfin murya, a ɗora kiɗa da ƙarar abubuwa kamar takun sawu ko buɗe ƙofa. Nauyin wannan aiki ya fi yawa a harshe irin Hausa, domin ma'anar kalma takan rataya a kan karin sauti, wato hawa da saukar murya, da kuma tsawon wasali, ta yadda garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi ba su da marabar da ta wuce abin da kunne ya ji. Idan makirfo ya yi nisa da bakin mai magana, ɗ takan koma d, ƙ ta koma k, sai zance ya dagule wa mai sauraro.

Tun daga fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, masu shirya fim sun daɗe suna dogara da ɗan makirfon da ke manne a jikin kyamara, alhali waƙoƙi, waɗanda aka ɗauko salonsu daga finafinan Indiya, ana rera su ne a rufaffen ɗaki tare da kiɗan fiyano a wurare irin su situdiyon Iyan-Tama. Abin da wannan ya haifar abin takaici ne: waƙa takan fito tangaram, amma da zarar an koma hira sai kukan janareta ya danne maganar uwa da 'yarta. Al'amarin ya fara sauyawa bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, saboda shiri mai dogon zango kamar Daɗin Kowa kacokan a kan zance aka gina shi, kuma fassarar finafinan Indiya irin ta kamfanin Algaita ta nuna cewa ɗora murya kaɗai sana'a ce mai ciyar da mutum.

Birnin Ibadan yana da nasa matsayi a wannan tarihi, domin a nan aka buɗe WNTV a 1959, tashar talabijin ta farko a Najeriya, kuma a nan Sabo take, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916 a kan cinikin goro da shanu. Matashin da ya tashi a Sabo, ko a gefen karar shanu ta Akinyele, ya girma da Hausa a gida da Yarbanci a kasuwa, harsuna biyu masu karin sauti, kuma irin wannan kunne ba a sayensa da kuɗi. Karar kanta makaranta ce mai tsanani, domin wanda zai ɗauki hirar dillali da mai saye a kara dole ya ɗaura makirfo a kan doguwar sanda, ya lulluɓe shi da rigar gashi mai tare iska, ya rataye shi daf da kawunansu ba tare da ya shigo cikin hoto ba, sannan ya jira jirgin ƙasa ya wuce. Kafin a tashi kuma sai ya sa kowa ya yi tsit na minti ɗaya don ya naɗi amon wurin, wanda da shi ake cike giɓi lokacin gyara.

Hanyar shiga sana'ar har yanzu ta almajirci ce, inda yaro yakan fara da naɗe waya da riƙe sanda a ƙarƙashin maigida, ko da yake akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA, dukansu a Jos, ga mai neman takarda. Wanda bai samu zuwa can ba yakan goge hannunsa a kan naɗar wa'azin masallaci da waƙoƙin biki, waɗanda ba sa yankewa a Sabo.