Takardar jagoran makaɗa a hannun kwamfuta: ɗan sharhi

1. Gabatarwa

Abin da za mu duba a nan shi ne babbar takardar kiɗa, wadda ake kira partition d'orchestre da Faransanci, wato takardar da jagoran makaɗa ke shimfiɗawa a gabansa. Kowane makaɗi yana da tasa ƴar takarda mai ɗauke da rabonsa kaɗai. Shi kuwa jagora sai ya ga na kowa a shafi guda, daga masu busa a sama har masu goge a ƙasa. Tun fitowar Finale a 1988 da Sibelius a 1993, kwamfuta ta karɓe aikin da masu sassaƙa farantin ƙarfe suka daɗe suna yi da hannu. Tambayarmu ita ce, shafin da take fitarwa yana karantuwa kuwa?

2. Matsalar wuri

Mu ɗauki Le Sacre du printemps na Igor Stravinsky, wanda aka fara kaɗawa a Paris a 1913. Masu busa kaɗai su 38 ne. In aka ba kowa nasa jeri na layi biyar, aka ƙara masu ganguna da masu goge, jeri ya haura 45, alhali tsawon takarda A3 santimita 42 ne. Ke nan kowane jeri bai sami santimita guda ba, da shi da tazararsa. Ga jagora yana tsaye, hannu na kaɗawa, rabin ido na kan makaɗa. Duk wurin da ya ɓace masa a lokacin gwaji, mutum ɗari ne ke jira.

Mu masu nazarin harshe mun san makamancin haka. Ƙamus kan nuna karin sauti da tsawon wasali, jarida kuwa takan bar su, don mai karanta ta bai bukace su ba. Magana guda ce, masu karatu ne iri biyu. Haka makaɗi da jagora suke: kiɗa ɗaya, amma abin da kowannensu ke so ya gani daban.

3. Magani na farko: ɓoyewa

Kusan duk manhajojin suna iya cire jerin makaɗin da ya yi shiru a shafi. Wuri yana samuwa, alamomi suna ƙara girma. Sai dai muna ganin maganin na da illa in aka bar wa na'ura ita kaɗai. Idon jagora yana haddace mazauni: ya san ƙaho na tsakiyar shafi, goge na ƙasa. In shafi na 12 yana da jeri 30, na 13 yana da 9, ƙaho ya tashi daga mazauninsa, sai an koma gefen hagu an karanta sunaye. Banda haka, shiru ma labari ne. Jagora na bukatar ganin wanda ya daɗe bai busa ba, don ya ba shi alamar shiga.

4. Magani na biyu: haɗawa

Tsoffin masu sassaƙa sukan sa masu sarewa biyu a jeri guda. In sun busa abu ɗaya a rubuta «a 2». In sun rabu, sandar alamar na farko ta dubi sama, ta na biyu ta dubi ƙasa. A manhajojin farko wannan ya kan tilasta wa marubuci ajiye fayil biyu, na jagora da na makaɗa, kuma gyaran da aka yi a ɗaya sai a mance shi a ɗayan. Dorico 3, wadda kamfanin Steinberg ya fitar a 2019, ta kawo sauyi na gaske: ana rubuta rabon kowane makaɗi sau ɗaya, ita ce ke haɗa su a shafin jagora. Mun yaba wannan, domin ya yarda da cewa masu karatu biyu ne.

Amma yabon na da iyaka. Manhaja tana kwatanta alamomi, ta ga ko za su shiga jeri guda. Ba ta san wane sauti ne ke ɗauke da waƙar ba, wane ne rakiya. Takan haɗa su a inda gwanin hannu zai raba su, don muhimmin ya fito fili. Shi ya sa aka bar wa mutum ƙofar gyara, kuma wanda ya ƙi shiga ta zai sami shafi mai tsabta wanda ba ya shiryar da ido.

5. Kammalawa

Shawararmu uku ce: a tsayar da adadin jeri a tsawon kowane sashe na kiɗa, kada ya riƙa sauyawa shafi-shafi, a maimaita sunan kowane makaɗi da lambarsa a farkon kowane jeri, a sa juya shafi ya faɗo a ƙarshen jimlar kiɗa in da hali.

Saura gargaɗi guda. A watan Agusta na 2024 kamfanin MakeMusic ya daina sayar da Finale, bayan shekara 35. Ana iya kwashe kiɗan zuwa wata manhaja ta hanyar MusicXML, amma tsarin shafi, wanda shi ne aikin da muka tattauna, ba ya ƙetarewa lafiya. Duk mai irin wannan fayil ya adana hoton shafukansa tare da shi.