Motocin Gudu Da Aka Hana Su Gudu

A watan Agusta na 2021, a gwanjon motoci na Pebble Beach da ke jihar Kalifoniya, kamfanin Gooding & Company ya sayar da wata McLaren F1 ƙirar 1995 a kan sama da dala miliyan 20. Abin da ya fi ɗaga farashinta shi ne lambar da ke kan agogon tafiyarta, kilomita 390 kacal cikin shekara 26. Irin wannan motar ce aka gwada a Jamus a 1998, ta yi gudun kilomita 386 a awa. Ke nan duk tafiyar da ta yi tun da aka ƙera ta aikin kusan awa guda ne kacal, in da an sakar mata linzami.

Gordon Murray, injiniyan da ya zana ta, ya sa kujerar direba a tsakiya, fasinjoji biyu a gefe da gefe, don matuƙi ya ji daidaiton motar a jikinsa idan ya sha kwana. Ya shimfiɗa takardar zinariya a ɗakin inji saboda ta mayar da zafin injin BMW mai silinda 12. Duk wannan wahalar an sha ta ne saboda hanya. Amma kasuwa ta fi girmama motar da ba ta ga hanyar ba, kuma wannan ɗabi'a ta yaɗu a duniyar motocin alfarma har ta fara cinye sana'ar da ta haife su.

Ba abin mamaki ba ne in masu kuɗi sun ruɗu. Ferrari 250 GTO, wadda aka ƙera guda 36 tsakanin 1962 da 1964, ta ci dala miliyan 48.4 a gwanjon 2018. A watan Mayu na 2022 aka sayar da Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ta 1955, ɗaya daga cikin biyu da ke duniya, a kan yuro miliyan 135. Irin waɗannan labaran su ne ke yawo a jaridu, su ne kuma dillali ke ambatawa idan yana son ya shawo kan mai saye cewa motar gudu jari ce.

Ga yawancinsu kuwa, asara ce tun ranar da aka fito da su daga shago. A binciken da kamfanin iSeeCars na Amurka ya fitar a 2023, mota 'yar shekara biyar kan rasa kashi 38.8 cikin 100 na kuɗinta a matsakaicin lissafi. Maserati Quattroporte ce ta fi kowace faɗuwa, da kashi 64.5, ƙanwarta Ghibli kuma ta faɗi da kashi 61.3. Motocin Aston Martin da na McLaren na yau da kullum su ma an san su da zubar da daraja cikin 'yan shekarun farko. Wanda ya sayi Aston Martin DB9 sabuwa fil a tsakiyar shekarun 2000 ya ga yadda ta dawo kuɗin motar iyali.

Dalilin yana gareji. Mai sayen sabuwar mota yana da garanti, kuma yawanci kuɗin gyara ba ya hana shi barci. Mai saye na biyu da na uku shi ke gadon lissafin bakanike, saboda haka tun kafin ya taya yake cire kuɗin gyaran da ke jiran sa. A ɗauki Ferrari F355, wadda aka yi daga 1994 zuwa 1999. Bel ɗin tayimin ɗinta roba ce da ake canzawa duk bayan 'yan shekaru, ko an hau motar ko ba a hau ba. Bel ɗin kansa ba wani tsada gare shi ba. Sai dai yana manne da bayan kujeru, inda hannu ba ya kaiwa. Dole a ɗaga motar sama, a kwance wayoyi da bututun mai da na ruwa, a sauke inji da giya gaba ɗaya tare da ƙafafun baya a kan tebur, sannan a canza bel, a mayar da komai yadda yake. Aikin kwanaki ne, kuma tunda inji ya riga ya sauko, babu bakaniken kirki da zai bar famfon ruwa da robobin da suka fara yoyo bai canza ba. Shi ya sa mai neman F355 kan fara da tambayar takardun sabis kafin ya dubi fenti. Da Ferrari ta fito da 360 Modena, sai ta yi wata ƙofa a bayan kujeru da ake bi a kai ga bel ɗin ba tare da sauke inji ba.

Akwai kuma kayan ƙawa da mai sayen farko ke zubar wa kuɗi: launi na musamman, ɗinkin kujera mai zare daban, faifan birki na yumɓu. Da wuya mai saye na biyu ya biya ko rabin kuɗinsu. Ga sabon samfuri da ke fitowa duk bayan 'yan shekaru, ya fi na baya ƙarfi, ya mayar da shi tsohon yayi.

A wancan binciken na iSeeCars dai, Porsche 911 ce ta fi kowace mota riƙe daraja, kashi 9.3 kawai ta rasa cikin shekara biyar, 718 Cayman kuma kashi 17.6. Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin 911 ba mota ce mai wuyar samu ba. An ƙera fiye da miliyan ɗaya tun daga 1963. Siffarta ba ta sauya sosai ba, don haka ta shekara goma ba ta zama abin kunya kusa da sabuwa. Kayan gyaranta suna samuwa, makanikan da suka san ta suna da yawa a Turai da Amurka, kuma mutum zai iya zuwa ofis da ita kullum. Darajarta ta tsaya ne saboda akwai dubban mutane da ke son su tuƙa ta. Wannan ita ce daraja mai tushe, kuma ta bambanta da wadda ake hurawa da ƙarancin kaya.

Waccan ta biyun an taɓa ganin ƙarshenta. Da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, ya rasu a watan Agusta na 1988, farashin duk wata mota mai tambarin doki ya yi tashin gwauron zabi. F40, mota ta ƙarshe da ya sa wa hannu, an yi niyyar ƙera kusan 400, mutane suka riƙa sayar da gurbinsu a layi da riba tun motar ba ta iso ba. Kamfanin ya ci gaba da ƙerawa har ya wuce 1,300. A shekarar 1988 ɗin ce kuma Jaguar ta nuna XJ220 a bajekolin Birmingham, da inji mai silinda 12 da jan ƙafa huɗu. Jama'a suka yi rububin ajiye kafin alƙalami na fam 50,000 kowannensu. Kafin motar ta fito a 1992 tattalin arziki ya karye, injin ya koma mai silinda 6, jan ƙafa ya koma biyu, farashi ya kai fam 470,000. Masu ajiyar kuɗi da dama suka nemi zamewa har sai da aka je kotu, kuma ba a kai ga ƙera 300 ba. Da yawa daga cikinsu ba motar suke so ba tun farko, ribar suke hange, da ribar ta gudu sai suka bi ta.

Kamfanonin na yau suna kuka da 'yan sari-ka-sayar, kuma wani lokaci suna ɗaukar mataki. A 2016 Porsche ta fitar da 911 R guda 991, mai giyar hannu, a kan kusan dala 185,000. Cikin 'yan watanni aka ga masu neman kusan dala miliyan ɗaya a kanta. Abin da Porsche ta yi a 2017 ya dace a yaba: ta mayar da giyar hannu cikin GT3, ta kuma fito da samfurin Touring wanda ya yi kama da 911 R ƙwarai, ba tare da ƙayyade adadi ba. Farashin 911 R ya sauko, masu son tuƙi suka samu abin da suke nema. Ford kuwa ta bi ta hanyar takarda. Sai mutum ya cika fom an zaɓe shi kafin ya sayi GT ta 2017, sannan ya sa hannu cewa ba zai sayar ba sai bayan wata 24. Ɗan kokawar nan John Cena ya sayar da tasa cikin 'yan makonni, Ford ta maka shi a kotu, aka sasanta a 2018.

Amma kukan nasu bai cika ba, domin su ne ke hura wutar. Ferrari ba ta sayar da samfuranta na musamman, irin LaFerrari da aka yi 499, sai ga wanda ya riga ya tara motocinta. Wato sai mutum ya sayi waɗanda za su faɗi kafin a ba shi wadda za ta tashi. A 2013 shugaban Ferrari na lokacin, Luca di Montezemolo, ya taƙaita abin da kamfanin ke fitarwa zuwa kusan mota 7,000 a shekara don ya kare darajar tambarin. Ya bar kujerar a 2014, Ferrari ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2015, kuma a 2023 ta fitar da mota 13,663. Adadin motocin yau da kullum ya kusan ninkawa, alhali ana ta yayata ƙarancin 'yan ƙalilan da ke saman jeri. Kusan kowane kamfani yanzu yana da samfurin ban kwana, da na cika shekara kaza, da mai lamba a manne a gaban direba. Injiniya yana ɓata shekaru yana gyara yadda sitiyari ke amsa hannu, mai saye kuma lambar nan kawai yake kallo.

Motar da aka ajiye ma ba ta zama lafiya. Robobin inji suna bushewa su tsage, tayoyi suna lotsawa a inda suka taɓa ƙasa, fetur yana lalacewa a tanki, ruwan birki yana shan danshi. Mai ita yana biyan inshora da ɗakin ajiya mai na'urar daidaita iska, yana kuma tsoron kowace kilomita, saboda kowace kilomita ragin kuɗi ce. Mutum ya mallaki ɗaya daga cikin injuna mafi daɗin sauti a duniya, amma bai isa ya kunna shi ya fita ba.

Ba a ce hauhawar farashi ba ta da alheri ko kaɗan. Saboda tsofaffin motoci sun yi daraja ne ake samun masu kashe kuɗi su farfaɗo da waɗanda da sun ruɓe, kuma maƙeran da ke bugun alminiyam da hannu a Modena da Ingila suna samun aiki. Ferrari ta buɗe sashen Classiche don tantance asalin tsofaffin motocinta, Porsche ma tana sake ƙera kayan gyaran samfuran da aka daina yi tun tuni. Wannan riba ce ta gaske ga sana'ar. Sai dai farfaɗo da mota don ta koma hanya daban ne da nannaɗe sabuwa a leda.

Kuma kasuwar ba ta bin lissafin masu ɓoyewa kullum. Rowan Atkinson, wanda aka fi sani da Mista Bin, ya sayi McLaren F1 a 1997 ya yi ta hawa. Sau biyu yana haɗari da ita, na biyun a 2011 ya ci wa kamfanin inshora fam 910,000 na gyara. Ya yi mata tafiyar sama da kilomita 60,000, kuma da ya sayar a 2015 an ruwaito ta kama kusan fam miliyan 8. Lexus LFA kuwa, da aka yi guda 500 daga 2010 zuwa 2012 a kan dala 375,000, ta yi kwantai har wasu suka shekara da shekaru a shagunan dillalai a Amurka. Yau ana sayen ta fiye da ninki biyu, saboda sautin injinta mai silinda 10 da babu wanda zai sake yin irinsa. Giyar hannu ma haka. A lokacin da Ferrari ke sayar da 599 GTB kusan kowa giyar yatsa ya zaɓa, guda 30 kacal aka yi masu giyar hannu, su ne yanzu ake kokawa a kansu. Masu hasashe ba su hango ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Haka kuma ba su hango yadda Porsche Taycan mai lantarki za ta zubar da daraja da sauri ba, duk da tambarin da ke goshinta, saboda fasahar batir tana sauyawa kowace shekara kuma mai saye na biyu yana tsoron kuɗin canza shi.

A ganin mai wannan rubutu, faɗuwar darajar motar gudu ba cuta ba ce da ake nema wa magani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuɗin da ya zube shi ne kuɗin jin daɗin da mai ita ya yi, kuma wannan faɗuwar ce ke sa likita ko injiniya mai albashi ya iya mallakar tsohuwar Aston Martin ko Cayman, ya koyi tuƙa ta, ya san bakanikensa da suna. Waɗannan mutanen ne ke cika filayen tsere ranar Lahadi, su ne ke riƙe da ƙananan garejin da ilimin gyaran waɗannan injuna ke zaune a cikinsu.

Mai irin wannan mota a Abuja ko Kano yana da wani ruɗin na daban, wanda naira ta jawo. A watan Mayu na 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ce mutum ya sayi mota ta dala 100,000 a tsohon farashi, wato naira miliyan 46. Ko da darajarta ta faɗi zuwa dala 70,000, a sabon canji naira miliyan 105 ce. Zai ga kamar ya ci riba fiye da ninki, kuma dillalai za su taya shi ganin haka. Amma ya yi asarar dala 30,000, kuma kulochi da faifan birki da tayoyin da motar ke buƙata duk da dala ko yuro za a yo odarsu, a biya kuɗin jirgi da na kwastan a kai, sannan a nemo wanda ke da kwamfutar da za ta iya karanta injin.