Idon da ke karanta keris

A Surakarta, tsakiyar tsibirin Java na Indonesiya, idan aka miƙa wa gwani keris, wato wuƙar gargajiyarsu, ba ya fizgo ta daga kube kamar wuƙar fawa. Yakan nemi izini, ya zare ta a hankali, ya karkata ta ga haske, sannan ya yi shiru. Shirun nan shi ke burge ni, domin karatu yake yi.

Farko yakan dubi siffar ƙarfen, abin da suke kira dhapur. Wata miƙaƙƙiya ce, wata mai lanƙwasa kamar maciji yana tafiya. Lanƙwasar nan, luk, ba ta zuwa sai a mara: 3, 5, 7, har 13, wani lokaci fiye.

Inda ake gane gwani na gaske shi ne pamor, zanen da ke kwance a jikin ƙarfen. Ba sassaƙa shi ake yi ba. Maƙerin, wanda ake girmamawa da laƙabin empu, yakan haɗa baƙin ƙarfe da mai nikel, ya naɗe, ya daka, ya sake naɗewa, har su zama falle bisa falle. Wasu wuƙaƙen fada an sa musu ƙarfen dutsen da ya faɗo daga sama kusa da Prambanan a ƙarni na 18. Zanen ba ya fitowa sosai sai an wanke wuƙar da ruwan lemun tsami da arsenik: ƙarfen ya yi baƙi, nikel ya rage fari fat. A watan Suro, wato Muharram, aka fi yin wankin. Kowane zane da sunansa: wos wutah, shinkafar da ta zube, udan mas, ruwan saman zinariya. Daga laushin ƙarfen da yadda aka fitar da gindin, gwani kan ƙiyasta zamanin ƙirar, ko salon daular Majapahit ne ko na daular Mataram. Haka kuma yake gane sabuwar wuƙar da aka jiƙa a asid don ta yi kama da tsohuwa, domin cin asid daban, cin shekaru daban.

Kuben, warangka, labarinsa dabam. Ladrang mai baki kamar kwalekwale na biki ne da shiga fada, gayaman mai dunƙulallen baki na yau da kullum, kuma yankan Surakarta ba ya ɓoyuwa cikin na Yogyakarta. Ana duba itacen, sandal ne ko timoho mai baƙaƙen dabbare, da rigar azurfa ko tagulla da ke lulluɓe shi. Sai dai kube kan tsufa a sake shi, ƙarfen kuwa ya yi ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ƙyallin azurfa ba ya ruɗin gwani.

A 2005 UNESCO ta sanya keris cikin gadon al'adun duniya. Gwanin kuwa, da ya gama dubawa, yakan mayar da wuƙar ya lura da yadda gindinta ya zauna a bakin kuben. In ya zauna daram babu rata, ya san dominta aka sassaƙa kuben.