Taro ta Allo: Ina Ƴan Amshi?

A watan Maris na 2020, da cutar korona ta shigo Nijar, hukuma ta rufe makarantu, ta hana taruwar jama'a. Kamar a sauran ƙasashe, malamai da marubuta da ƙungiyoyin raya al'adu suka koma ga Zoom da Facebook. Annoba ta wuce, amma tsarin ya zauna, domin yana rage kuɗin mota da na masauki, yana kuma haɗa mutumin Tawa da na Damagaram a zama guda. Sai dai akwai aibin da ya kamata a faɗa: da yawa daga cikin waɗannan tarurruka ana shirya su kamar babu kowa a ɗaya gefen. Mai jawabi ya riƙe magana har awa guda, an rufe bakin kowa, sunaye na jere a allo, masu sunayen kuwa sun kama harkokin gabansu.

Akan ɗora laifin a kan raunin rezo da tsadar intanet da ɗaukewar wuta. Duk gaskiya ne, amma ba nan tushen ciwon yake ba. A adabin bakan Hausa, mai sauraro abokin aiki ne. Mai tatsuniya ba ta farawa sai yara sun amsa mata. Makaɗi ba ya tafiya sai da ƴan amshi. A dandalin samariya, dariyar jama'a ko shirunsu ke nuna wa ɗan wasa ya ja zance ko ya taƙaita. Ko a Turai an ji wannan rashi: da aka koma buga ƙwallon ƙafa a Jamus cikin Mayun 2020 filaye babu kowa, sai wasu gidajen talabijin suka riƙa sanya sautin ihun da aka naɗa tun da. Wannan ihun aro shaida ce cewa ƴan kallo sashe ne na wasan.

Abin mamaki shi ne Nijar ta daɗe da sanin maganin. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Akan tara mutanen gari a gaban akwati ɗaya, a saurari shiri kan noma ko lafiya ko tarbiyya, sannan mai jagorancin zaman, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya buɗe muhawara. Akan naɗi maganganun jama'a a aika Yamai, su zama kayan shiri na gaba. Manomi ya san muryarsa na iya fitowa daga akwatin, don haka ya kasa kunne. Rediyo ba ya ganin kowa, amma an yi masa hanyar jin amsa.

Darasin a fili yake ga masu shirya taro a yau. Jawabi ya zama gajere, a yanka shi gida-gida, a tsaya a saurari tambaya. A kira mahalarta da sunansu da garinsu, kamar yadda maroƙi ke yi. A karɓi saƙon murya ta WhatsApp da Hausa, domin wanda rubutu ke yi wa nauyi. Mafi muhimmanci, kada a bar kowa shi kaɗai da wayarsa: ƙungiya ta tara mutane a aji ko a gidan raya al'adu, da allo ɗaya da jagora ɗaya, ta yadda ko rezo ya yanke muhawara ba za ta yanke ba.

Abin da ake gudu ba raguwar adadin mahalarta kaɗai ba ne. Idan matasa suka saba da cewa taron al'ada wuri ne da ake yin shiru a gaban masana, za a wayi gari akwai masu magana, babu masu amsawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waƙar da ta rasa amshi kuwa, komai daɗin muryar mai ita, ba ta daɗewa a kunne.