Rasikilaj: Sabon Suna, Tsohuwar Sana'a

Duk sa'ad da masu furoje suka shigo unguwa faɗakarwa kan shara, kalma ɗaya ce a bakinsu: rasikilaj. Suna faɗinta kamar wani ilimi ne da ya sauko daga jirgin Faransa. Ni dai ban yarda ba, kuma shaidata harshenmu ne.

Harshe ba ya raɗa wa abu suna sai ya zauna da shi. Ku duba kalmar gyartai, mai ɗinke ƙwaryar da ta fashe. Sana'a ce guda, da sunanta. Ku duba katsi: dattin da ke kwantawa a ƙasan karofi, marina su kwashe, su ƙona, su mayar da shi cikin baba, magina kuma su haɗa laso da shi. Juji kansa ba ƙarshen tafiya ba ne, domin kafin damina ana kwashe shi a kan jakuna zuwa gona, ya zama taki.

Da kayan Turawa suka zo ma hannun bai mutu ba. Gwangwani ya zama fitila, tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga. Je ka kasuwar Katako a Yamai, ka ga yadda ake narka alminiyon ana zuba tukwane. To wa zai koya wa wa?

Amma kada mu ruɗi kanmu da kirarin kakanni. Tsarinsu ya yi aiki ne saboda kayansu suna ruɓewa ko suna gyaruwa. Leda ba ta ko ɗaya. Tana toshe magudanar ruwa, tana kashe awaki in sun haɗiye ta, tana shiga taki ta ɓata gona. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da ita da sayar da ita, amma yau ko tumatir na dala goma ka saya, a leda za a miƙo maka.

Nan ne faɗakarwar ta kuskure hanya. Ana ta koya mana abin da muka iya, an bar abin da ya gagare mu. Mu ma da namu laifin, ƴan'uwa ɗalibai: mai cewa rasikilaj a taro muna tafa masa, yaron da ke tsintar ƙarfe a bola kuwa muna toshe hanci in ya gifta. Alhali shi ne magajin gyartai. In da gaske ake, a fara zama da shi da maƙeran Katako, a tambaye su yadda za a yi da leda.