Idon da Ke Karanta Harshen Jariri

Manomin shinkafa a Wurno ya san ɓacin ran da ke cikin ruwan da aka sako daga madatsar Goronyo ya kauce wa hanyarsa, ya koma kogin Rima bai jiƙa gona ba. Akwai jariran da ake haifa da irin wannan kaucewa a ƙirjinsu. Jijiyoyi huɗu ne ke ɗauko jinin da ya sha iskar oksijin daga huhu, su zuba shi ɓangaren hagu na zuciya, daga nan ya bazu jiki. A ɗaya cikin dubban haihuwa sai su juye shi ɓangaren dama, mai kyau ya gauraya da wanda ya gaji. 'Yar kafa ce kawai tsakanin ɓangarorin biyu ke riƙe da ran yaron.

Littafi cewa ya yi yaro zai yi shuɗi. To, a fatarmu ina shuɗin zai fito? Nan nake sara wa ƙwararriyar ungozomar asibiti, irin wadda za ka tarar a Rabah ko Goronyo. Ba ta yarda da hasken fitila. Bakin ƙofa take kai jariri, ta sa ɗan yatsa ta janye leɓen ƙasa, ta dubi dasashi da harshe. Tafin hannu ya yi duhu lokacin hunturu, wannan bai tayar mata da hankali ba. Harshe ya koma ruwan toka, shi ne magana. Sai ta tambayi mai jego: "'Yar uwa, in yana shan nono yakan saki ya yi haki? Goshinsa na gumi?"

Sannan ta maƙala na'urar auna oksijin a hannun dama da ƙafa. Lafiyayye na nuna 95 zuwa sama. In ta ga ƙasa da 90 sai ta sa masa oksijin ta zuba ido: mai limoniya yakan farfaɗo, mai wannan ciwon zuciya kuwa lambar da ƙyar take motsawa.

Maganin wannan ciwo tiyata ne, kuma hoton zuciya ne ke tabbatar da shi. Don haka ba ta barin a ce sanyi ne a koma gida da jiƙo. Tana rubuta takardar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tana cewa a nemo mota yau, a kama hanyar Sakkwato.